Tambaya da Amsa: Indiyawa ne suka fara sa waƙa a fim?

TAMBAYA: Malam, gardama ta ƙi ƙarewa a majalisarmu ta bakin kasuwar Garwa. Ni na ce Indiyawa ne suka ƙirƙiro rawa da waƙa a fim, wani tsohon malamin makaranta ya ce Jamusawa sun riga su. A raba mana.
Mai karatu daga Garwa, Kamaru.

AMSA: Ɗan'uwa, malamin nan ya fi ka kusa da gaskiya, ko da yake Amurkawa ne suka buɗe ƙofar tun 1927. Fim ɗin Indiya na farko mai magana, Alam Ara, sai a 1931 ya fito, alhali tun 1930 kamfanin fim na UFA na Jamus ya saki fim mai waƙoƙi Die Drei von der Tankstelle, wanda Wilhelm Thiele ya ba da umarni.

Labarin wasu abokai uku ne da karayar arziki ta same su, suka sayar da motarsu suka buɗe gidan mai, sai duk suka kamu da son yarinya ɗaya, wato jaruma Lilian Harvey. Abin da ya burge ni shi ne ba a tsayar da labari don a yi waƙa. Ma'aikacin kotu ya zo kwashe musu kaya saboda bashi, da waƙa suke roƙonsa, labarin kuma yana ta tafiya. Ka tuna lokacin miliyoyin Jamusawa ba su da aikin yi, bashi ba baƙon abu ba ne ga 'yan kallo.

Don fim ya shiga kasuwannin waje, sai a sake ɗaukar kowace fitowa da wani harshe, a wuri ɗaya, a canza wasu 'yan wasa. Tun da ku a Garwa kuna jin Faransanci, ku nemi Le Chemin du paradis, shi ne na Faransancin wannan fim.

A 1931 darakta Erik Charell ya biyo da wani fim mai waƙoƙi, Der Kongress tanzt. Sai dai abin bai daɗe ba. Da Hitler ya hau mulki a 1933, UFA ta sallami ma'aikatanta Yahudawa. Thiele da Charell da furodusa Erich Pommer da mai tsara kiɗa Werner Richard Heymann duk suka bar ƙasar. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Kurt Gerron, ɗan wasa Bayahude wanda ya fito a fim ɗin gidan man nan. Ya gudu zuwa Holan, mutanen Hitler suka kama shi a can, suka kashe shi a sansanin Auschwitz a 1944.