Katakon da ya dace da daɓe bai dace da akwatin gilashi ba

Jiya muna tattara kayan aiki ka tare ni da tambaya: "Maigida, katakon nan da muka shimfiɗe daɓen zauren zane-zane da shi kaf, don me aka hana mu sa ko ɓallinsa a cikin akwatunan gilashin da za a nuna kayan tarihi a ciki? Ai duk kayan da aka kawo mana babu kamarsa." Na ce ka bari mu huta tukuna, don amsar ba ta tsaye ba ce. To, saurara.

Ka yi gaskiya, yana da kyau. Shi ne wanda Turawa ke kira oak, ga tauri, ga jure takun jama'a, amma kyan ɗan maciji ne da shi. Ɗauki yankin da ya fito daga bakin zarto yanzu ka kai hanci, za ka ji wani tsami-tsami kamar na ruwan khal. Wannan asid ne katakon yake fitarwa, kuma bushewa ba ta hana shi, shekara da shekaru zai yi yana numfasa shi. A zaure mai faɗi, inda na'ura ke sauya iska dare da rana, ga shi kuma mun shafe samansa, abin da yake fitarwa bai taka kara ya karya ba. Akwatin gilashi kuwa da gangan aka toshe shi don ƙura da danshi. Duk abin da ka sa a ciki, numfashinsa nan zai tsaya ya yi ta taruwa, shi da kayan da aka ba mu amana. Dalma ce ta fi shan wuya: sai ka ga farin gari ya fito mata, kana gogewa rubutun da ke jikinta yana bin tsumma. Ƙwanson katantanwa da na ƙwai ma haka suke furfura a cikin tsofaffin durowoyin oak.

Kada ka ce to mu koma MDF, wato allon garin katako da aka matse, ko filawud. Su ma katako ne, sannan ga gam ɗin da aka matse su da shi, wanda yawanci yana fitar da wani sinadari da ake kira famaldihaid. Yadin ulu da kake ganin zai yi kyau a shimfiɗa ƙarƙashin kaya, farar wuta ce a jikinsa, ita ce ke mayar da azurfa baƙa ƙirin. Baƙar robar da ake toshe bakin ƙofa da ita, ita ma haka.

Ni ba a takarda na fara koyon wannan ba. Ina kamar shekarunka aka ba mu haɗa akwatuna huɗu a wani gidan adana kayan tarihi. Silikon ɗin da aka rubuta mana ya ƙare ana saura akwati ɗaya, sai na ɗauko irin wanda muke liƙe tagar banɗaki da shi, na ce ai silikon silikon ne. Warin tsaminsa har yana sa ni hawaye ina matsawa, ban kawo komai a raina ba. Washegari muka rufe gilashi. Bayan 'yan watanni aka kira maigidana. Matar da ke kula da lafiyar kayan ta sa safar hannu, ta ɗago wani ƙaramin hatimin dalma, ta juya shi a ƙarƙashin fitila, gefensa ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa alli. Sauran akwatuna ukun lafiya lau. Ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Wa ya haɗa wannan?" Ɗan hakin da ka raina ke nan. Tun ranar nake karanta jikin kowace kwalba, in kuma na buɗe na ji tsami, ba ta shiga wurin aikina.

Hanci dai yana taimako, amma ba shi ne alƙali ba, don akwai masu ɓarna da ba su da wari. Shi ya sa ka ga an yanki ƙyallen yadinmu da ɗan fentinmu an tafi da su. Akwai gwajin da wani masani mai suna Andrew Oddy ya fito da shi a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan a 1973, har yau da sunansa ake kiran gwajin. Ana sa guntun abin da ake shakka a cikin kwalba da ɗan ruwa kaɗan, a rataya ƙananan ɓallaye uku masu tsabta, na azurfa da na jan ƙarfe da na dalma, a toshe, a ajiye a zafin digiri 60 na ma'aunin Selsiyas har kwana 28. Zafin da laimar suna gaggauta abin da zai ɗauki shekaru. In aka buɗe aka ga azurfa ta dushe, ko dalma ta yi fari, ko jan ƙarfe ya sauya launi, kayan nan ya faɗi, ko da kamfanin da ya yi shi ya rantse. Ka lura da kwana 28 ɗin nan. Wanda ya kawo samfuri saura mako biyu a buɗe gida ya riga ya makara.

Me ya rage mana ke nan? Gilashi, alminiyam, ƙarfen da aka fesa wa fentin gari aka gasa a tanda, yadin auduga ko lilin da aka wanke ba a sa masa sitati ba, da silikon marar tsami. In dole sai an sa allon katako a gindin akwati, a naɗe shi ruf da takardar alminiyam da aka yi don haka, har gefunan da zarto ya ci, don ta nan ya fi fitarwa. Fenti na ruwa za mu shafa, ba na mai ba, kuma a bar akwatin a buɗe kamar mako huɗu kafin a rufe kaya a ciki. Bushewar da yatsa ke ji daban, gama fitar da tururi daban.

Ginin kansa ma yana numfashi. Sabon kankare yana fitar da laima da wani kaifi irin na toka, har da amoniya, kuma wannan yana taɓa zanen da aka yi da fentin mai. Mutanen Japan sun daɗe suna bincike a kan haka, shi ya sa a can ake so sabon gini ya ga bazara biyu bayan zuba kankare kafin a shigar da kaya masu daraja. Masu gida ba sa son jin wannan magana, kowa yana ɗokin ranar yanke kyalle. Abin da za mu iya yi shi ne mu shafe duk fuskar kankaren da ke cikin zaure da ma'ajiya, har wadda ke ɓoye a bayan silin, don ƙurarsa ma kaifi gare ta.

Bango kuwa, ka ga mun sa filawud mai kaurin milimita 18 a baya, sannan muka rufe da allon jifsom, wato farin allon filasta. Dalili shi ne bangon nan zai sha huda. Yau a rataya ƙaramin zane a nan, bayan wata uku a cire a toshe ramin a shafe, a rataya wani da sai mutum huɗu sun ɗaga. Jifsom shi kaɗai ba ya riƙe nauyi, bulo kuma huda shi ƙura ce da girgiza. Da filawud a baya, ko'ina ka ɗaura sukuru ya kama. A nan filawud bai zama matsala ba tunda a rufe yake da jifsom kuma a zaure mai faɗi ne. Fentin bangon ya zama marar sheƙi, kuma bangon ya miƙe sak. Gidan zane-zanen Guggenheim na birnin Niyok a Amurka, wanda Frank Lloyd Wright ya zana aka buɗe a 1959, gini ne da duniya ke zuwa kallo, amma bangonsa a lanƙwashe yake, rataya zane mai faɗi a jikinsa sai da dabara. Tun kafin a gama shi wasu masu zane suka rubuta takardar ƙorafi.

A ganina wanda ya iya zaɓen kaya shi ne mai zana gine-gine Louis Kahn, a gidan zane-zanen Kimbell da ke Teksas a Amurka, na 1972. Kankare, da dutsen ado da ake kira tarabatin, da daɓen farin oak, ka ji shi nan a inda ya dace. Ya tsaga tsakiyar rufin, ya rataya alminiyam a ƙarƙashin tsagar, hasken rana ya daki alminiyam ya koma jikin kankaren rufi, sannan ya sauko a tausashe. Haske yana cin launi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Takarda da yadi da zanen fentin ruwa laks 50 ake ba su (laks ma'aunin ƙarfin haske ne), zanen fentin mai wajen 200. Saboda haka gilashin tagogi mai rufi biyu ne da leda a tsakani, ledar tana tare hasken da ke ƙona launi, in kuma ya fashe ba ya tarwatsewa. Daɓe mai ƙyalli na ƙi shi ne don yana mayar da fitila cikin idon mai kallo. Bututun ruwa kuma kada ya bi ta saman zaure ko ma'ajiya, ko da zagayen zai ci mana kwana biyu.

Saura abu ɗaya da ya shafe mu kai tsaye. A watan Afrilun 1958 gobara ta tashi a gidan zane-zanen zamani na Niyok ana tsakiyar aikin sa na'urar sanyaya iska, a inda ma'aikata suka tara gwangwanayen fenti da garin katako. Ma'aikaci ɗaya ya rasu, wani babban zanen furannin ruwa na Monet, shahararren mai zanen Faransa, ya ƙone. In ka ga ina faɗa a kan shara da tsumman fenti kullum yamma, daga nan ne.

Gobe da safe ka kwashe ragowar oak ɗin ka fitar da shi daga ɗakin da akwatunan suke, ka buɗe ƙofofinsu duka su sha iska. Sannan ka jera min kwalaben silikon ɗin da aka kawo a kan benci, mu karanta su ɗaya bayan ɗaya kafin kowa ya yanke bakin ko guda.