Baƙin Akwati da Ragon Layya: Amsa ga Yayana

Yaya, bayan gaisuwa da fatan an yi Sallah lafiya. Saƙon muryarka ya iso, na saurare shi har sau biyu. Ka ce mai sunan Inna ta tayar maka da hankali a waya, da ta ba ka labarin da aka koya musu a makaranta, wanda mutanen gari suka jefe wata mata har lahira, kuma ka ji an ce ta tambayi babanta dalilin yanka rago. Ka tambaye ni ko haka muke zuba ido a nan Bronx, cikin birnin New York, ana zare wa yara tarbiyya. Ban ga laifinka ba, ni ma gabana ya faɗi ranar da ta shigo gida da takardun. Amma bari in fara gaya maka abin da ke cikin labarin.

Sunansa The Lottery, wato ƙuri'a. Wata Ba'amurkiya, Shirley Jackson, ta rubuta shi, ya fito a mujallar The New Yorker ranar 26 ga Yuni, 1948. Gajere ne, kafin tuwo ya nuna ka gama karanta shi. Wani ƙauye ne mai mutum kamar ɗari uku. Kowace shekara ranar 27 ga Yuni da hantsi suna taruwa a dandali, yara na tsince-tsincen duwatsu suna tarawa, maza na hirar shuka da ruwan sama, mata na gaisawa. Sai a fito da wani tsohon baƙin akwati da ya fara tsagewa, kowane maigida ya zura hannu ya ɗauki takarda. Gidan da ƙuri'a ta faɗa wa, sai a sake yi tsakanin mutanen gidan. Ta faɗa kan wata uwa, Tessie Hutchinson, wadda ta iso a makare tana goge hannu, don ta tsaya wanke-wanke ta manta ranar. Matar da suka gama raha da ita ce ta ciccibi dutsen da sai da hannu biyu ake ɗaga shi. Har ƙaramin ɗanta an damƙa wa 'yan tsakuwoyi.

Abin da ya tsaya mini a wuya, Yaya, babu mugu ko ɗaya a garin. Babu mai gaba da matar nan. Sun manta waƙar da ake yi a da, sun sauya gutsattsarin itace da takarda, babu wanda ya san asalin abin, sai wani tsoho da ya shiga ƙuri'ar sau 77, yana tuna musu wata tsohuwar magana da ke haɗa ta da albarkar masara, yana zagin ƙauyukan da suka daina. Ita kanta Tessie ba ta ga aibun abin ba sai da ya zo kanta. Da labarin ya fito, ɗaruruwan wasiƙu suka yi ta zuwa, wasu suka soke sayen mujallar, wasu kuwa tambayarsu ita ce a wane gari ake yi, ko za su iya zuwa kallo. Yanzu yana cikin labaran da aka fi koyarwa a makarantun sakandare na Amurka.

Da na gama karantawa, Dirki na tuna, wanda kai da kanka ka ba mu labarinsa muna yara. Alƙur'ani aka naɗe cikin fatu, shekaru suka ja har Kanawa suka manta abin da ke ciki, suna yanka masa shanu, sai da Sarki Alwali, na ƙarshe kafin jihadi, ya sa aka fasa shi. Ka ga mu ma mun taɓa samun baƙin akwatinmu.

To, ga yadda muke a nan. A gida al'ada tana tafiya da ƙafarta, kowa na yi, yaro ya tashi ya tarar. A nan kuwa yaro yana fita ƙofa zai ga gidaje goma da hanyoyi goma, kuma a makaranta maki ake ba shi in ya yi tambaya. In ka ce masa "haka muka tarar", zai yi shiru don ladabi, amma ranar da ya kama gidan kansa ya ajiye abin ke nan. Mun ga haka a gidaje da yawa. Shi ya sa mu Hausawan nan, na Najeriya da na Nijar da 'yan zangon Gana, muka koyi ba da amsa ko da ba mu saba ba.

Layya a nan ba ta da sauƙi. A bene muke haya, babu tsakar gida balle turke. Tun kafin Sallah ake kama rago a gonakin New Jersey ko Pennsylvania, a ba ka lamba, maza su wuce daga Idi, wani lokaci sai dare suke dawowa da nama cikin kula. Wasu gida suke aikawa a yanka musu. Tun 2015 makarantun gwamnati na birnin New York ke ba da hutun Sallah biyu, don haka yaran suna gida, suna gani. Muna kan tabarmar leda a kicin, ina yanyanka hanta, mai sunan Inna ta ɗago kai ta ce, "Baba, in ba mu yanka ba me zai faru? Shi ma ba irin akwatin nan ba ne?" Na buɗe baki zan tsawatar, babanta ya ɗaga mini hannu. Ya ajiye wuƙa ya ba ta ƙissar Annabi Ibrahim daga Suratus Saffat, yadda Allah ya fanshi yaron da rago. Ya karanta mata aya ta 37 a Suratul Hajji, cewa nama da jini ba sa isa ga Allah, taƙawa ce ke isa. Ya ƙara da aya ta 170 a Baƙara, inda aka zargi masu cewa su dai abin da suka sami iyayensu a kai za su bi. Ta yi jim, sannan ta ɗauki ƙullin nama ta kai wa tsohuwar da ke ƙasanmu, wadda ba Musulma ba ce kuma ba ta da kowa.

Irin wannan tankaɗe da rairaya ya sa muka riƙe wasu abubuwa da ƙarfi fiye da yadda muka riƙe su a gida: suna ranar bakwai, durƙusa wa babba, adashe, da karo-karon kuɗi in an yi rasuwa, don binne mamaci a nan tsada gare shi ƙwarai. Wasu kuma mun sake su. Cire beli ya tafi. Wankan jego da tafasasshen ruwa da kunun kanwa na kwana arba'in, yawancinmu mun rage shi ko mun bari, tunda tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta shi da ciwon zuciya ga masu jego. Inna ta yi fushi da ni a kan wannan, Allah ya jiƙanta, kuma har yau abin yana sosa mini rai.

Amma kada ka ɗauka mun tsira, Yaya. Mu kaɗan ne, masallaci ɗaya, biki ɗaya, kowa na tsoron a ware shi. Shekaru uku da suka wuce wata 'yar'uwa ta bar gidan mijinta saboda duka. Ba wanda ya yi shela, sai dai aka daina kiranta suna da biki, aka cire ta daga adashe, in ta shigo masallaci sahun mata ya matsa. Ni ma na ga kiranta sau biyu ban ɗauka ba, don kada a ce ina tare da ita. Ba ta taɓa yi mini komai ba, ita ta kwana da ni a asibiti da na haifi auta. Da na zo wurin da aka miƙa wa yaron nan tsakuwa a cikin labarin, ita na gani. Washegarin Sallah na ɗauki cinyar rago na hau jirgin ƙasa zuwa gidanta. Ta daɗe a bakin ƙofa tana kallona kafin ta matsa in shiga.

Don haka ban cire 'yarka daga ajin ba, kuma ba zan cire ta ba. In Allah ya kai mu hutun baɗi za mu zo, tana so ka hau da ita Dala, ka ba ta labarin Barbushe da na Dirki da bakinka. Ka shirya, za ta yi maka tambayoyi. A gaida Anti da yara.