Amsa: Sitiyari na yawo bayan an ɗaga mota

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka ɗaga motar da inci 3 ka sa manyan tayoyi take yawo a kan titi, sai ka yi ta gyara sitiyari hagu da dama. Tawa ma ta yi min haka, na san yadda yake gajiyar da hannu.

Kafin ka sayi komai, ka ajiye ta a ƙasa, tayoyi na taka ƙasa, ka sa wani ya riƙa kaɗa sitiyarin kaɗan-kaɗan, kai kuma ka duƙa da tocila kana kallo. Duba kan tayarod (sandar da ke haɗa sitiyari da tayoyi), bol joyin (mahaɗin da tayar gaba ke juyawa a kai), da sandar nan da ke riƙe aksil kada ya goce gefe. Ni a nan na kama tawa: ramin ƙusar sandar ya buɗe, sandar na motsi kamar haƙori mai girgiɗi. Ka ɗora yatsa a kai, za ka ji abin da ido bai gani ba.

In duk sun yi tsam, to kasta ce, wato kusurwar da ke sa tayoyin gaba su miƙe da kansu. Ɗaga mota yana juya aksil, kusurwar ta ragu, shi ya sa sitiyari ba ya komawa tsakiya da kansa bayan kwana. A yawancin motoci masu aksil guda da ya haɗa tayoyin gaba biyu ana neman digiri 4 zuwa 6, kuma ana iya dawo da ita da hannayen aksil masu daidaituwa. Sannan a yi alaimen.

Ka rage iskar tayoyin ma, in ta yi yawa tsakiyarsu kaɗai ke taɓa kwalta. Don Allah kada ka fara da sabon shokazoban sitiyari, ɓoye matsalar kawai yake yi.