Dalilin da ya sa kuɗin asiransin mota ya hau

Malam, ka tambaya me ya sa kuɗin sabunta asiransin motarka ya hau alhali ba ka yi haɗari ba. Nan Damagaram kowa kukan da yake yi ke nan. Kamfani yana lissafi ne da abin da gyara ke ci masa. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da ke shigowa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina, kuɗin dako ya ƙaru. Leƙa gareji ka tambayi kuɗin gilashin gaba ko fitila, za ka gani.

Amma duba takardarka da kyau. Kuɗin ya danganta da ƙarfin injin, da ko motar gida ce ko ta haya. In an rubuta ta haya bisa kuskure, koma su gyara. Don Allah kada ka bari ta ƙare kana hawa titi.