Amsa kan wasan bidiyo mai bin motsin jiki

Ka tambaya ko na'urar wasan bidiyo mai bin motsin jiki ta fi mai maɓallai. Abin da ke jan hankali gare ta shi ne sauƙi, domin tun da kamfanin Nintendo ya fitar da irin wannan na'ura mai suna Wii a 2006, yaro da dattijo suke buga tanis na bidiyo da kaɗa hannu kawai, suna riƙe da rimot ɗin na'urar. Sai dai takan yi jinkirin gane motsi, hannu kuma yana saurin gajiya, don haka a ganina ba ta dace da wasannin da ke buƙatar saiti ba. Kada ka yi wasa a ƙuntataccen ɗaki, kuma ka ɗaura igiyar rimot a wuyan hannunka. Idan kana da ciwon kafaɗa ko gwiwa, ka tuntuɓi likita tukuna.