Ba alƙalai ke zaɓen fina-finan Cannes ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko alƙalan bikin fina-finai na Cannes da ake yi a Faransa ne ke zaɓen fina-finan da za su shiga gasa. A'a, aiki biyu ne daban. Zaɓen yana hannun shugaban tsara bikin, Thierry Frémaux, da kwamitinsa. Su ne ke shafe watanni suna kallon abin da aka aiko daga ko'ina a duniya, su tace har ya rage kusan ashirin na babbar gasa. Sharaɗin da ya fi jawo rigima shi ne dole a nuna fim a gidajen sinimar Faransa, dalilin da ya raba su da Netflix tun 2018 ke nan.

Alƙalai kuwa sai a watan Mayu suke zuwa, yawanci mutum tara, kuma kowace shekara sababbi ne. Suna kallo, a rana ta ƙarshe su keɓe su yi muhawara su kaɗa ƙuri'a. Shi ya sa ra'ayin shugabansu ke da nauyi sosai. Daraktan fim na Amurka Spike Lee ne baƙar fata na farko da ya riƙe kujerar, a 2021, alhali an fara bikin tun 1946.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne rabon Afirka. Palme d'Or, babbar kyautar bikin, sau ɗaya tak ta zo mana, a 1975, ta hannun Mohammed Lakhdar-Hamina na Aljeriya. Souleymane Cissé na Mali ya samu kyautar alƙalai a 1987, Mati Diop 'yar asalin Senegal kuma ta ɗauki kyauta ta biyu mafi girma a 2019.