Filin Tambayoyinku: Ina haɗa ƙyallaye amma kusurwoyin sun ƙi haɗuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min. Ina da keke Butterfly a gida, na daɗe ina tara ƙyallayen atamfa, shine nace bari in haɗa su inyi zanen gado mai kauri irin wanda ake jera masu kusurwa huɗu da masu kusurwa uku. Toh masu kusurwa huɗun da sauƙi, amma alwatikar nan in na haɗa sai tsinin ya ɓace cikin ɗinki, wani gidan ya fi wani girma, in na shimfiɗa a gado sai yayi ta tudu yana kwari. Hannuna ne ko keken ne? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Ki kwantar da hankalinki, keken ki lafiyarsa ƙalau, hannunki ma haka. Inda matsalar take shine rarar da kike bari bayan zare, wadda teloli ke cewa alawus. A ɗinkin riga ko siket in alawus ya ɗan fi nan ya ɗan gaza can babu mai ganewa, amma a haɗin ƙyalle ba'a wasa dashi, masu wannan sana'a a Amurka da Ingila duk kwata inci suke bari, wajen milimita 6 kenan, daga ɗinkin farko har na ƙarshe. Kinga in kika zarce da 1/16 na inci kawai, abinda ido ma da ƙyar yake lura dashi, ai yadi biyu kika ci, kin rasa 1/8 kenan a ɗinki ɗaya, in layin yana da ɗinki 8 inci guda cur ya tafi, shi yasa in kika zo haɗa layi da layi sai kiga ɗaya ya fi ɗaya tsawo ki fara ja kina tattarowa, daga nan tudu da kwarin suke fitowa.

Abinda zaki fara yi tun kafin ki taɓa atamfarki mai kyau, ki sauke allura, ki ɗora rula ki auna kwata inci daga allurar zuwa dama, ki manna salatif mai kauri a kan ƙarfen dake ƙarƙashin allura, bakin yadinki ya dinga bin wannan salatif ɗin. Kar ki yarda da bakin ƙafar dake danne yadi, ba kowace ce kwata inci ba. Sai ki gwada: yanko ƙyalle 3 kowanne faɗin inci ɗaya da rabi, ki haɗa su ki goge, in faɗin duka ya baki inci 3 da rabi, na tsakiyan kuma inci 1 cif, toh kin samu. In ya gaza ki matso da salatif ɗin kusa da allura kamar kaurin zare ɗaya, dan ninkin yadin da shi kansa zaren suna cin nasu ɗan wurin.

Yanzu alwatika. Yadi saƙa ne, zare na tsaye da na kwance, in kika ja shi ta tsaye ko ta kwance baya biyo ki sosai, amma ki ja shi a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa kiga yadda yake miƙewa kamar roba. Toh doguwar gefen alwatikarki a wannan karkacen take. Ni shawarata kar ma ki yanka alwatika tukuna. Ki yanko murabba'i biyu kala daban, ki haɗa su fuska da fuska, ki ja layi da fensir daga kusurwa zuwa kusurwa (fensir mai tsini fa, alli yana da kauri zai cuce ki), kiyi ɗinki kwata inci a dama da layin, ki sake yi a hagu, sannan ki sa almakashi ki raba a kan layin. In kika buɗe kin samu gida biyu kowanne rabi da rabi, kuma karkacen bai samu damar miƙewa ba tunda zare ya riga ya kama shi.

Lissafin kuwa ki rubuta ki liƙa a jikin keke. In kina son gida ya fito inci 4 bayan an gama, murabba'i zalla ki yanka 4 da rabi. Na alwatika kuma ana ƙara 7/8, wato 4 da 7/8, amma ni gaskiya nafi son a yanka inci 5 a ɗinka a goge, sannan a ɗora kwalin awo, wato kwalin da aka yanka murabba'i daidai girman da ake so, a datse ya dawo 4 da rabi, layin karkacen yana faɗawa daidai kan kusurwa biyu. Akwai ɗan ɓata lokaci amma wallahi ya fi farke ɗinki. Kuma da rula ɗaya zaki auna komai, tef ɗin telan nan na roba in ya tsufa miƙewa yake.

Guga ma tana ɓata aiki sosai. Mun saba murza dutse gaba da baya kamar ana gugar shadda, nan ba haka bane, ki ɗora ki danna ki ɗaga, ko na wuta ne ko na gawayi. Alawus ɗin layi na farko ki kwantar dashi dama, na biyu hagu, in kika haɗa su zakiji sun shige juna da yatsanki, ki soka fil a wurin. Maganar tsini da yake ɓacewa kuma, ki juya bayan aikin zakiga inda ɗinki biyu suka gitta juna, nan ne tsinin, allurarki ta bi ta gefensa na waje, wato ɓangaren bakin yadi, da kaurin zare ɗaya, in ta shiga ciki ta cinye shi.

Tunda ƙyallayen tari ne, ki ware su, atamfa mai auduga da 'yar'uwarta, kar ki haɗa da yadi mai santsi ko mai jawuwa. Ki wanke su tukuna dan auduga tana shiga ruwa ta ragu wata kuma tana zuba, ki ɗan sa sitati ki goge kafin yanka. Ki fara da gida 4 kawai, ki auna kowanne, in sun fito daidai sai ki yanka sauran.